CINIKIN KUƊIN ƘARFE MASU KUSKUREN BUGU: YADDA AKE GANE NA GASKE, DA ABIN DA SHARI'A TA CE

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata a gare Shi, wanda Ya sanya neman halal ya zama ibada. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ciniki da ya shigo mana ta wayar salula. A Facebook da WhatsApp da TikTok ana nuna hoton dala ashirin ko dala ɗari, ko tsohon kwabo mai huji, a ce wai an yi kuskure wajen buga shi, saboda haka Turawa suna sayensa da miliyoyi. Wani a kira shi ya saya don ya sayar gaba, wani kuma a ce ya kawo nasa a saya. Jama'armu ta Madawa da Buza da Keita mutanen noma ne da kiwo da tafiya ci-rani, kuɗin da ke hannunsu gumin albasa ne da wahalar Abijan da Legas da Libiya. Bai kamata irin wannan dukiya ta salwanta a kan hoto ba. Don haka za mu yi bayanin abu uku: mene ne kuskuren bugu, yaya ake rarrabe na gaske da na ƙarya, kuma mene ne hukuncin cinikinsa.

MATSAYIN KUƊI A MUSULUNCI

Kuɗi amana ne tsakanin jama'a, domin da su ake auna ƙimar kowane kaya. Halifa Abdulmaliki ɗan Marwana ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa wajen giram 4.25, domin mutane su sami ma'auni guda da za su dogara da shi. Magabata sun tsananta a kan duk mai taɓa wannan ma'auni. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sa'idu ɗan Musayyib yana lissafa gutsure dinari da dirhami a cikin ɓarna a bayan ƙasa. Wasu malaman tafsiri kuma sun bayyana cewa yanke gefen kuɗi yana cikin laifuffukan da Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya hana mutanen Madyana, kamar yadda labarinsu ya zo a Suratu Hud.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a kan jabun kuɗi a cikin Ihya'u Ulumid Din. Ya nuna cewa wajibi ne ɗan kasuwa ya koyi tantance kuɗi, kuma babban dalilin da ya bayar shi ne kada ya miƙa wa ɗan'uwansa jabu bai sani ba. Ya kuma ce wanda jabu ya faɗo hannunsa ya jefa shi inda hannu ba zai ƙara kaiwa gare shi ba, domin zunubin jabu yana bin wanda ya sake shi muddin yana yawo a hannun mutane. Ashe ke nan sanin wannan fanni yana cikin ilimin da addini ya nema daga mai saye da sayarwa.

YADDA AKE BUGA KUƊIN ƘARFE

Ba za a gane kuskure ba sai an san yadda daidai yake. A maƙerar kuɗi ana murza ƙarfe ya zama falle, na'ura ta yanko ƴan faya-faye masu nauyi ɗaya, a tayar musu da baki. Daga nan sai a sa kowane faifai tsakanin hatimi biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da wani zobe da ke riƙe gefensa. Da bugu ɗaya zanen fuska biyu da na gefe suke fita.

Kuɗinmu na sefa an ƙirƙiro su ranar 26 ga Disamba 1945, kuma Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, wato BCEAO, mai hedkwata a Dakar, shi ke fitar da su domin ƙasashe takwas, har da Nijar. Maƙerar kuɗi ta Faransa, wadda ta buɗe masana'antarta a garin Pessac a 1973, ita ta daɗe tana buga mana na ƙarfe. Dala hamsin mai ƙarfe biyu ta fito a 1992, dala arba'in da dala ɗari kuma a 2003.

Kuskuren bugu na gaske shi ne wanda ya auku a cikin maƙera kafin kuɗin ya fita. Iri uku ne. Akwai na faifai, kamar a yanko shi da giɓi, ko faifan wani kuɗi ya faɗa cikin na wani. Akwai na hatimi, kamar ya tsage, ko zanensa ya ninku, ko a haɗa hatimi biyu da ba na kuɗi ɗaya ba. Akwai kuma na bugu, kamar faifai ya goce daga tsakiya, rabin zane ya fita rabi ya zauna fili. Duk abin da ya sami kuɗi bayan fitarsa daga maƙera, ko tsatsa ce, ko wuta, ko guduma, ko tayar mota, sunansa lalacewa, kuma ba ya ƙara masa ƙima ko ta tamma ɗaya.

KUSKUREN GASKE YANA AUKUWA

Adalci ne mu faɗi cewa abin yana da asali. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta buga ƙaramin kuɗinta na santi ɗaya da baƙin ƙarfe, domin ana bukatar jan ƙarfe wajen kayan yaƙi. Ƴan faya-fayen jan ƙarfe kaɗan da suka rage a cikin na'ura sai aka buge su da hatimin wannan shekara. A 2010 an sayar da ɗaya daga cikinsu a kan dalar Amurka miliyan 1.7. A Ingila kuma, a 2008, an haɗa tsohon hatimi da sabo wajen buga fam ɗaya bisa biyar, wato fens 20, sai kuɗin ya fito babu shekara a jikinsa. Ko a kusa da mu, a cikin kwabo mai huji da Ingila ta riƙa buga wa ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma, akwai na 1956 da ya fito da sunan Sarki Joji na Shida, alhali ya mutu tun 1952.

Sai dai a lura da abin da ya biyo baya. Da labarin santin 1943 ya bazu, mazambata suka riƙa shafa wa na baƙin ƙarfe ruwan jan ƙarfe, wasu kuma suka kankare lamba 8 ta 1948 ta koma kamar 3. Jabun ya ninka na gaske nesa ba kusa ba. Haka al'amarin yake a ko'ina: inda aka ji abu ya yi tsada, nan maƙeran ƙarya suke kafa zuga-zugansu.

ABUBUWAN DA AKE KIRA KUSKURE ALHALI BA SHI BA NE

Na farko, juyewar baya. Mai talla zai juya kuɗi ya nuna cewa bayansa a kife yake. Kuɗin Amurka da tsofaffin kuɗin Faransa da gangan ake buga su haka, na Ingila da na yuro kuma fuskokinsu a miƙe suke. Kafin ka gaskata, ɗauko guda goma irinsa daga aljihu ka juya su. In duk haka suke, to babu wani kuskure.

Na biyu, ƴan ƙananan alamomi. A jikin kuɗin da Faransa ta buga akwai alamar maƙera, wani ɗan ƙaho cike da ƴaƴan itace, da kuma alamar babban mai zane na lokacin. Daga 1958 zuwa 1974 mujiya ce, daga 1974 zuwa 1994 kifin dolfin, daga 1994 zuwa 2000 ƙudan zuma. Waɗannan ba asiri ba ne. Su ma shaida ce a hannun mai bincike, domin kuɗin da aka rubuta wa 1970 kuma aka ga ƙudan zuma a jikinsa, an taɓa shi. Irin wannan ne harafin S da ke jikin yuro biyu ta ƙasar Girka ta 2002, wadda ake tallarta a intanet da tsada mai ban tsoro. Harafin yana nuna cewa a ƙasar Finlan aka buga ta, kuma miliyoyi aka buga.

Na uku, canjin ƙarfe. Tsohuwar dala goma maganaɗisu ba ya kama ta, amma wadda aka buga daga 2012 yana kama ta, domin banki ya canza ƙarfen da ake yin ta da shi.

Na huɗu, kuɗin wata ƙasa. Ƴan ci-rani da ke dawowa daga Kamaru ko Gabon ko Cadi sukan zo da sefar Afirka ta Tsakiya, wadda wani banki dabam yake fitarwa. Zanenta dabam ne, kuma wannan ba kuskure ba ne.

Na biyar, tsohuwar shekara. Azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, wadda fatake suka riƙa kawowa ƙasar Hausa, kakanninmu mata suka yi ado da ita, tana ɗauke da shekarar 1780. A shekarar ce sarauniyar ta mutu, kuma tun daga nan ake ta sake buga kuɗin da wannan shekara ɗaya, a Biyana da Landan da Faris da Roma da Bombai, har zuwa zamaninmu. Yawanci ƙimarta ita ce ƙimar azurfar da ke cikinta. Haka nan kwabo mai huji na 1936 mai sunan Sarki Edwad na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta a cikin shekarar da ya hau: an buga shi da yawa ƙwarai, samunsa ba wuya.

HANYOYIN GWAJI

Na ɗaya, awo. Kowane kuɗi yana da nauyin da aka ƙayyade masa. Santin 1943 na baƙin ƙarfe giram 2.7 ne, na jan ƙarfe giram 3.11. Azurfar Mariya Tereza giram 28 ce da ɗan ɗoriya. Ƙaramin ma'aunin maƙeran azurfa ya isa wannan aiki.

Na biyu, maganaɗisu. Ba ya kama zinariya ko azurfa ko jan ƙarfe. Duk abin da aka ce azurfa ce kuma ya manne masa, magana ta ƙare. Amma rashin mannewa shi kaɗai bai isa shaida ba, domin dalma da farin ƙarfe ma ba sa mannewa.

Na uku, duban gefe da madubin mai gyaran agogo. Kuɗi mai fuska iri ɗaya gaba da baya kusan kullum biyu ne aka rarake aka haɗe. Za a ga layin haɗin, kuma in aka sake shi a kan siminti ƙararsa a dushe take.

Na huɗu, duban giɓi. Wanda aka yi da magagari ko almakashin maƙera bakinsa yana da kaifi da ƙyalli da zane-zanen kankara. Giɓin maƙera kuwa bakin kuɗin yana shiga cikinsa a hankali, kuma galibi bakin da ke daura da shi ta ɗaya gefen yakan fito da rauni.

Na biyar, duban rubutun da ya hau kan wani. In aka matse kuɗi biyu da guduma, rubutun ɗaya yakan nutse a jikin ɗayan a juye, a kan cikakken zanen da ke wurin tun farko, ɗaya fuskar kuma ta baje. Wanda aka jiƙa a ruwan batir yakan sirance, ya ƙanƙance, zanensa duka ya dushe.

Na shida, masu ƙarfe biyu, wato dala arba'in da dala hamsin da dala ɗari. Ana iya fitar da ƙwayar tsakiya da bugu, a juya ta ko a sa wata. A duba mahaɗar, za a ga tabon duka ko ɗan sarari.

Bayan duk wannan, ka tambayi kanka tambaya ɗaya: shin hatimi biyu da zobe ɗaya za su iya haifar da abin da nake gani? In amsar ita ce sai dai hannun mutum, to hannun mutum ne. Hoto kuwa ba a auna shi, ba a jin ƙararsa, kuma da kwamfuta ana iya gyara shi yadda aka so. A sani kuma farashin da mai talla ya rubuta ba shi ne farashin da aka saya ba. Kowa yana iya rubuta miliyan goma a ƙarƙashin hoton ƙwandala.

HUKUNCE-HUKUNCEN SHARI'A

Mas'ala ta farko: ƙirƙirar kuskure. Wanda ya ɗauki kuɗi lafiyayye ya kankare shi ko ya buge shi don ya sayar da sunan kuskuren maƙera, ya haɗa laifi uku: ɓata kuɗin jama'a, ƙarya, da cin dukiyar ɗan'uwansa da ɓarna, abin da Allah Ya hana a Suratun Nisa'i, aya ta 29. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta jera algus da yaudara da ɓoye aibi a cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki.

Mas'ala ta biyu: wanda aka cuta. Yana da haƙƙin mayar da kayan ya karɓi kuɗinsa. In bai sami mai sayarwar ba, bai halatta ya tura wa wani don ya fanshe hasararsa ba. Zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka zaluntar na gaba.

Mas'ala ta uku: sayen abin da ba a gani ba. Mazhabar Malikiyya ta yarda da sayar da kayan da ba ya wurin bisa siffantawa, da sharaɗin siffar ta zama cikakkiya, kuma in kaya ya zo saɓanin ta mai saye yana da zaɓi. Amma a nan abin da ake saye shi ne ingancin kuskuren, kuma hoto ba ya tabbatar da shi. In babu sharaɗin dubawa da mayarwa, cinikin ya zama na garari, wanda Annabi ya hana. Shi ne Bahaushe yake kira cinikin biri a sama.

Mas'ala ta huɗu: zuga farashi. Mazambata sukan sa abokansu su riƙa taya kaya da tsada ba da niyyar saye ba, don wani ya ruɗu. Wannan shi ne najashu, kuma hani a kansa ya tabbata a Buhari da Muslim. Mai tayawar ƙarya da wanda ya sa shi duk suna cikin zunubin.

Mas'ala ta biyar: musayar kuɗi da kuɗi. In abin zinariya ne ko azurfa, sayensa da kuɗi sai hannu da hannu a majalisi ɗaya. A tura kuɗi yau azurfa ta iso bayan mako biyu bai inganta ba, sai dai mai saye ya wakilta amintacce ya biya ya karɓa a wuri ɗaya. In kuɗin ƙarfe ne da aka daina ciniki da shi, kamar anini da kwabo mai huji, ya zama kaya kamar sauran kaya, ana sayar da shi yadda aka yi yarjejeniya. In kuwa har yanzu yana ci a kasuwa, kamar dala ashirin, to sayar da shi da sefa fiye da ƙimarsa wuri ne na tsoron riba irin wadda shari'a ta haramta. Ya zo a Mudawwana cewa Imamu Malik ya ƙi a yi musayar kuɗin tagulla da zinariya ko azurfa bisa jinkiri, har ya nuna cewa ko fata mutane suka mayar kuɗi haka zai ce. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tabbatar cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa wajen riba da zakka. Malaman zamani sun saɓa game da musayar na ƙarfe da na takarda da fifiko, kuma barin abin da ake shakka ya fi aminci ga addinin mutum.

Mas'ala ta shida: kuɗin gaba. In wani ya ce zai sayi kuɗinka da miliyoyi amma ka fara aiko da jika ashirin na rajista ko na kwastan ko na takardar shaida, ka sani jika ashirin ɗin nan ita ce abin da yake nema. Mai saye na gaskiya shi ke biya. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Mas'ala ta bakwai: gado da zakka. Azurfar da uwa ko kaka ta bari haƙƙin magada ce gaba ɗaya, bai halatta wani ya ɗauke ta a ɓoye ya kai wa dillali ba, balle in akwai marayu. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595. Kowace Mariya Tereza ta gaske tana da tsantsar azurfa wajen giram 23.4, don haka wanda ya ajiye guda 26 shekara ta kewayo, zakka ta hau kansa, ɗaya bisa arba'in. Adon da mace take sawa kuwa babu zakka a kansa a mazhabar Malik.

NASIHA

Wanda ya ga wani baƙon abu a jikin kuɗinsa, kada ya wanke shi ko ya goge shi. Ya gwada shi da ire-irensa, ya kai wa maƙerin azurfa amintacce ya auna. In yana zaton jabu ne, ya kai banki, kuma BCEAO tana da ofisoshi a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Wanda aka damfara ya kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda, kada kunya ta sa ya yi shiru har a cuci maƙwabcinsa. Muna kuma tunatar da ƴan kasuwarmu, daga Tunfafi har Tamaske, cewa kuɗin da ya goge saboda yawan shiga hannu ba jabu ba ne. Ƙin karɓarsa daga hannun tsohuwa mai sayen gishiri ƙuntatawa ce da babu dalilinta.

Muna roƙon limamai da masu wa'azi su karanta wa jama'a wannan darasi bayan salla, iyaye kuma su faɗakar da matasa, domin su ne wayar take hannunsu. Wanda aka aiko masa irin wannan talla kada ya tura wa wani, domin mai nuna hanyar ɓarna yana da kaso a cikinta.

Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa, Ya tsare mu daga haram, Ya sa albarka a nomanmu da kiwonmu da kasuwancinmu, Ya dawo da matafiyanmu gida lafiya. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.